Ƙwas-Ƙwas a Kaset ɗin Ibram

Kusan shekara guda Ibram ya yi yana rigima da awakin unguwarsu a kan kaset ɗaya, kuma kullum awakin ne ke yin nasara.

Abin da yake nema ba mai wuyar faɗi ba ne. Mahaifinsa, marigayi Baba Dunoma, makaɗin molo ne na masunta a bakin tafkin Nguru. Ya yi kiɗa har hannu ya ƙi, ya rataye molon, ya koma Gashua wurin babbar 'yarsa Kellu, a can ya ƙarasa kwanakinsa. Bai bar ko sauti ɗaya a kaset ba. Kiɗe-kiɗen nan nasa yanzu mutum ɗaya ne ya san su duk duniya, wato Ibram, wanda ya haddace su tun yana yaro, daga baya ya mayar da su kan wata jitar katako da ya saya a hannun wani ma'aikacin jirgin ƙasa. 'Ya'yan Ibram ba ruwansu, ƙwallo ce a gabansu. In Ibram ya faɗi yau, tare da kiɗan za a rufe shi. Shi ya sa ranar wani suna da Kellu ta ce masa, "Ka zuba mini kiɗan Baba a kaset in riƙa ji," ya ɗauki maganar da nauyi, ya ce in Allah ya yarda kafin babbar Sallah.

Aka yi babbar Sallah, aka cinye naman har da kakiden, babu kaset.

Ba lalaci ba ne. Ibram irin mutanen nan ne da in ya ɗaure kwalin bandar kifi a kasuwa, sai ya kwance ya sake ɗaurewa don ƙullin ya karkace. Rikodarsa kuwa ba ta san zaɓe ba, duk abin da ya gifta sai ta kwashe. Ya zauna ya yi kiɗa mai kyau, ya mayar ya saurara, sai ya ji akuya ta yi masa amshi a tsakiya. In ba akuya ba, injin niƙan Ajimi maƙwabcinsa ne, ko mai tallan manja da ke da murya kamar ta ladan. Sai ya yi tsaki ya mayar da kaset farko, ya ɗora sabo a kan tsohon. In matarsa Yagana ta ce ai wannan ɗin bai yi laifi ba, amsarsa ɗaya ce: "Akwai lokaci."

Ana nan sai wani direba da ke kai masa kaya Kano ya zo masa da magani a cikin 'yar leda. Wani ɗan abu ne baƙi kamar maɓallin riga, da doguwar waya a jikinsa. Fikof ake ce masa. Manna shi ake yi a fuskar jita, a soka kan wayar a ramin makirfo na rikoda. Direban ya maimaita masa abin da mai shagon ya faɗa: abin nan kurma ne, ba ya jin magana, ba ya jin ihu, ko bindiga aka harba a ɗakin ba ruwansa. Abin da ya motsa katakon kawai yake ji. Yagana ta leƙa ta ga yadda ya maƙale a jikin jitar, ta ce wannan ai kaska ce. Sunan da ya bi shi ke nan a gidan.

Ibram ya manna kaskar ƙasa da bakin jitar, ya danna jan maɓalli, ya sa Yagana ta yi ta ƙwala wa 'yarsu Afra kira yana kaɗawa. Da ya mayar ya saurara, babu Yagana, babu Afra, babu akuya. Jita ce zalla, tas, kamar an wanke ta an shanya. Daɗi ya kama shi har ya rasa wurin zama. Nan take ya ce bari ya fara da kiɗan jan taru, wanda Baba ya fi so.

Kiɗan Baba Dunoma yana da wata al'ada. Ya yi ta gudu, sai ya tsaya cak, ya bar masunta su ja numfashi, sannan ya ɗora. Baba ya sha cewa wanda bai iya tsayawar nan ba bai iya kiɗan ba. Ibram ya iya ta. Ya kaɗa daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, ya mayar, ya jingina da bango ya lumshe ido. Kiɗa ya yi gudu ya zo wurin tsayawa ya tsaya. A cikin shirun sai ga wani abu: ƙwas-ƙwas-ƙwas-ƙwas, a jere, da sauri, kamar kaza na tsattsagar tire. Da kiɗa ya ɗora sai ya ɓace. Da aka sake tsayawa sai ya dawo.

Ya buɗe ido ya dubi rikoda, ya dubi jita, ya dubi ƙofa. Shi dai bai ji komai ba lokacin da yake kaɗawa.

Yagana aka fara tuhuma. Ya ce taɓaryarta ce ke bi ta ƙasa ta hau ƙafarsa ta shiga katako. Ya kafa doka, babu daka a gidan nan in yana ɗaki. Yagana ta jingine taɓarya ta zauna ta zuba tagumi, ya kaɗa, ya saurara, ƙwas-ƙwas tana nan daram. Ya ce to injin Ajimi ne. Ya jira aka ɗauke wuta, abin da ba a daɗe ana jiransa a Nguru, ya cika rikoda da sababbin batura. Unguwa ta yi tsit, ƙwas-ƙwas ta fito fes, har ta fi ta jiya kyau. Ya hau katifa ya harɗe don ya raba kansa da ƙasa. Ya sayi sabon kaset. Ya goge kan rikoda da auduga da turare. Ya cire kaskar ya lasa bayanta ya sake mannawa, ko wa ya gaya masa ana haka, oho. Duk abin da ya yi, kiɗa na tsayawa ita kuma tana farawa.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne alkawarin da aka yi masa. An ce abin nan kurma ne. To kurma me yake ji?

Ajimi ya shigo cikin maganar ba tare da an gayyace shi ba, don dama haka yake shiga kowace magana. Ya saurari kaset da baki buɗe, ya ce ba wani abu ba ne, ƙwaron katako ne, irin wanda ya cinye masa azarar ɗaki. Suka shanya jita a rana har ta yi zafi. Suka kifa bakinta a kan kasko, suka zuba barkono a garwashi. Gida ya kaure da atishawa, Afra ta gudu maƙwabta, kajin Yagana suka yi hijira. Ƙwaro ko ɗaya bai faɗo ba.

Sai Ibram ya yi wata dabara da ya kamata ta warware komai, amma ta ƙara cukurkuɗa shi. Ya kwantar da jitar a kan katifa ita kaɗai, ya danna jan maɓalli, suka fita suka bar ta. Da suka dawo suka saurara, shiru ne tun daga farko har ƙarshe.

Ajimi ya sosa ƙeya. "To wannan ƙwaron ya san kiɗa," in ji shi. "Ba ya motsi sai kana nan, kuma ba ya katse ka, sai ka tsaya." Ya rage murya ya matso. "Malam Ibram, ka san fa kiɗan tsohon nan na bakin ruwa ne. Ba masunta kaɗai ke saurare a can ba. Ƙila masu abin ne ba sa son a kulle musu shi a roba."

Ibram ya ce maganar banza ce, ya sallame shi. Amma washegari kafin ya danna maɓalli sai da ya karanta Ayatul Kursiyyu ya tofa a bakin jitar, ya waiga ko Yagana ta gan shi. Ƙwas-ƙwas ba ta ko gezau ba.

Haka aka ci damina. A cikin watannin nan babu kiɗan Baba ɗaya da bai shiga kaset ba, kuma babu ɗaya da ya kwana a ciki. Kiɗan fitar jirgi, kiɗan Sarkin Ruwa, kiɗan matan da ke jiran dawowar mazajensu, duk ya kaɗa su, wasu ma ya kaɗa su yadda bai taɓa yi ba, duk ya goge. Ya rame. Ya zama mai saurin fushi. A kasuwa mai saye na yi masa magana hankalinsa na cikin jita.

"Baban Afra," in ji Yagana wata safiya, tana ajiye masa shayi, "ko ka bar shi haka nan? Ai kiɗan ya fito."

"In kai wa Ya Kellu kiɗan Baba da kaza a ciki?"

Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta ɗauki tire ta fita.

Ƙarshe dai ya naɗe jita a zani, ya sa rikoda a buhu, ya shiga motar Gashua. An ce akwai wani Mudi a can, bakin kasuwa, wanda babu rediyon da ta taɓa gagararsa. Hanya ta yi ta jijjiga su, bayan Jajimaji har sai da ya rungume jitar a ƙirji kamar jinjiri. Wata tsohuwa da ke gefensa ta tambaye shi ko marar lafiya ne a zanin. Ya ce kusan haka ne.

Shagon Mudi ɗan ƙuƙut ne, cike da gawarwakin rediyo har rufi. Mudi ya saurari labarin yana gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya san amsa. Ya ce waya ce. Ya yanke kanta ya sake liƙewa da dalma, ya ce a gwada. Ibram ya zauna a benci ya kaɗa, idonsa a kan yatsun hagu kamar yadda ya saba, Mudi kuma ya kafa kunne a jikin sifika. Ƙwas-ƙwas. Mudi ya daina gyaɗa kai. Ya ce rikodar ce, ya jawo tasa ta shago. Ƙwas-ƙwas. Ya ce ba ni jitar nan. Shi bai iya kiɗa ba, ya yi ta yaƙushin tsirkiya yana tsayawa, yana yaƙushi yana tsayawa. Aka mayar aka saurara. Kiɗan dai abin kunya ne, amma duk inda ya tsaya shiru ne garau.

Suka dubi juna. Mudi ya mayar masa da jitar, ya ce ya sake. Ƙwas-ƙwas ta dawo kamar dama tana bakin ƙofa tana jira.

"Malam Ibram," in ji Mudi a hankali, yana ɗan ja da baya da kujerarsa, "waya lafiyarta ƙalau. Rikoda ƙalau. Jita ƙalau. Ni iyakar ilimina ke nan. Abin nan ba a cikin kaya yake ba, kai yake bi."

Ibram ya fito daga shagon kansa ya fi na da ɗaurewa. Tsoro ma ya fara shigarsa, irin wanda mutum ba ya son ya kira sunansa. Ya tsaya a bakin titi, motocin barkono na wucewa, ya rasa gabas ya rasa yamma. Da ba don kunya ba da ya juya tasha. Amma ba a shiga Gashua a fita ba a gaida Ya Kellu ba.

Ya same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta yi masa wushe-wushe, wato sannu da zuwa, ta shimfiɗa tabarma, ta tambayi Yagana da yara ɗaya bayan ɗaya. Idonta kuwa yana kan buhun.

"An kawo?"

"Ya Kellu, ki ƙara haƙuri. Wani abu ne ke ɓata mini aikin, na rasa kansa."

"Sa mini ko ɓataccen ne."

Ya so ya yi gardama, amma Kellu ce ta goye shi yana jariri, ba a gardama da ita. Ya sa kaset ɗin da ya kaɗa a shagon Mudi. Kiɗan jan taru ya tashi. Ta ajiye faifai a cinya, fuskarta ta saki, leɓenta na motsi. Kiɗa ya zo wurin tsayawa ya tsaya, kaza ta fara tsattsaga. Ibram ya sunkuyar da kai don kunya.

"Mayar," in ji ta.

Ya mayar farko.

"Ba kiɗan ba. Wurin da ya tsaya."

Ya mayar mata har sai da ya gaji da dannawa. Murmushin ya bar fuskarta. Ba ta kallon rikoda, shi take kallo, kuma ba fuskarsa ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da ruwa a kwanon sha na ƙarfe, ta ɗora masa a gwiwa.

"Kada ka sha. Ɗora hannunka a gefensa kawai. Na dama."

Ya yi yadda ta ce, yana tunanin ko wani tofi za ta yi masa. Sai ta shiga tambayarsa makarantar Afra, da ko an gyara rufin ɗakin baya, da ko ruwa ya ja baya a tafki. Yana cikin ba ta amsa, ya manta da hannun, sai ya ji ta. Ƙwas-ƙwas-ƙwas-ƙwas. Babu jita, babu kaska, rikoda a kashe. Ya dubi gwiwarsa. Hannunsa ne ke karkarwa shi kaɗai. Zoben azurfar da ke ɗan yatsansa ne ke dukan gefen kwano, fuskar ruwan tana rawa. Zoben Baba ne, wanda aka cire masa ranar wankan gawa aka ba Ibram. A daidai wurin nan ɗan yatsan ke kwanciya a fuskar jita, gefen kaska, duk lokacin da kiɗa ya tsaya hannu ya huta.

Ya janye hannun ya cusa a ƙarƙashin cinya.

"Gajiyar hanya ce," in ji shi. "Ban ci komai ba tun safe."

"Allah ya sa," in ji Kellu. Ta zauna kusa da shi. "Kai kana Nguru, zuwa kake yi ka gaida Baba ka tafi. Ni na yi ta jin ƙarar nan safe da yamma, duk sanda na ajiye masa kunu. Ko a cikin kasuwa na ji ta zan gane ta." Ta goge ido da bakin mayafi. "Shi ma da abin ya fara cewa ya yi tsirkiya ce. Ya canza tsirkiya. Ya ce fatar molon ce ta saki, ya canza fata. Har mai sassaƙa ya zaga."

Baƙin ciki ya taso wa Ibram, ba na ciwon ba tukuna, wannan bai gama shiga kansa ba. Na kiɗan da ya goge ne. Damina guda cur, hannu na aiki, shi kuma yana zubarwa yana neman ƙwaro.

"Daga nan zuwa rataye molo," ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, "ya daɗe?"

"Bai daɗe yadda ya zata ba."

Ya miƙa hannu zai ɗauki kaset, ta riga shi. Ta ce wannan nata ne, kada ya kuskura ya ɗora wani abu a kai. Ya ce ai zai kawo mata mai kyau, zobe kawai zai cire. Ta ce ya kawo, tana so. Amma wannan ɗin ba ya barin gidan nan. Kiɗan na Ibram ne, in ji ta, ƙarar kuwa ta Baba ce.

Ya iso Nguru da la'asar. Bai wuce gida ba sai da ya biya shagon kaset ya kwashe duk sababbin da ya samu. Yagana ta tare shi, ta karɓi buhu, ta dubi fuskarsa. Ta kawo shayi. Sai a lokacin ya lura kofin rabi ne, kuma ya tuna ya daɗe yana ganinsa rabi yana cewa rowar madara ce.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun azumi," in ji ta. "Hannun na sani. Na kaset ɗin wallahi ban gane ba, da na faɗa."

"Hannun fa, me ya hana ki faɗa?"

"Na yi ta ɗauko maganar, Baban Afra, ina ajiyewa."

Bai yi faɗa ba. Ya murza zoben ya cire, ya sa mata a tafin hannu. Ya ce ta je ta yi dakanta, taɓarya ba ta da laifi. Ya shiga ɗaki ya warware zani, ya soka waya, ya danna jan maɓalli.

Kiɗan fitar jirgi ya fara. A tsakiya yatsa ya zame, tsirkiya ta yi wata ƙara marar daɗi. Hannunsa ya tafi wurin maɓallin mayarwa da kansa, don ya saba. Ya tsayar da shi a hanya, ya mayar kan jita, ya ci gaba. Ya gama wannan ya shiga na Sarkin Ruwa, ya gama ya shiga na matan bakin tafki. A waje taɓarya na sauka, awaki na kuka, injin Ajimi ya tashi. Bai saurari ko ɗaya daga abin da ya kaɗa ba. Kaset ya cika ya juya, ɗaya gefen ma ya cika.

A saman kowane kaset akwai wasu 'yan kunnuwa biyu na roba. In aka ɓalle su, jan maɓalli ba ya sake dannuwa a kansa, abin da ke ciki ya zauna ke nan. Ibram bai taɓa ɓalle ko ɗaya ba. Ya ɗauko tsinken ashana ya nufi ɗan ramin. Tsinken ya kauce. Ya sake saitawa, ya sake kaucewa, yana ta ƙwas-ƙwas a jikin roba.

Ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya ɗaga labule ya kira Yagana, ya miƙa mata kaset da tsinken.

"Ɓalle mini," in ji shi. "Duka biyun. Ki miƙo mini sabo."